Rijiya a Kwance

Ni mai haƙar rijiya ne, ɗan mai haƙar rijiya. Daga ƙauyenmu, can tsakanin Gangara da Falanko, har rugagen da ke arewa da mu, da wuya mutum ya sha ruwan da hannuna ko na ubana bai taɓa ƙasarsa ba. A Damargu ruwa nesa yake, sai ka nutsa gaba ashirin ko fiye kafin ƙasa ta yi maka sanyi a hannu. Don haka in ana zancen rami a garinmu, ni ake duba. Haka abin yake har shekarar da ƙanena ya dawo daga yaƙin Nasara.

Yadda aka yi ya tafi ma abin faɗi ne. Da aka zo ɗiban soja, aka ce kowane gari ya ba da mutum guda, sai Bulama, wato mai garinmu, ya tara dattawa suka shiga neman wanda tafiyarsa ba za ta rage dami ko ɗaya a rumbu ba. Shawarar ba ta yi tsawo ba. Ƙanena ƙato ne, ga tsayi ga ƙirji, amma in an fita gona shi ne na ƙarshen isa, shi ne kuma na farkon gane cewa rana ta yi zafi. Uwarmu ta yi kuka kwana uku. Matata ta taya ta kukan, ta kuma rage awon tuwo da kusan rabi, ya ishe mu har da saura.

Ya dawo kamar shekara huɗu bayan an ce yaƙin Jamus ya ƙare. Ya zo da jar dara, da lambar tagulla a ƙirji, da tari wanda ba ya jin magani, da takalman soja rataye a wuya don suna matse masa ƙafa. Ya kuma zo da wani abin kwasar ƙasa na ƙarfe mai guntuwar ƙota, wanda yake kira fel. Ya ce shi yanzu muƙaminsa a soja kaporal ne, haka kuma za a riƙa kiransa. Har uwar da ta haife shi sai ta ce, "Kaporal, ga fura."

Gona dai ba ta ga wani canji ba. Amma gindin aduwar da ke bakin masallaci ya samu mai shi. Kullum bayan la'asar nan yake zama ana kewaye shi, yana ba da labarin wani abu wai shi taranshe.

Wata rana wani tsoho, wanda ya yi yaƙi da takobi tun kafin zuwan Nasara, ya ce masa, "Kai yaro, wannan taranshe da ka cika mana kunne da shi, mene ne shi?"

Kaporal ya gyara zama. "Baba, rami ne mai tsawo. Zurfinsa tsayin mutum, faɗinsa yadda mutum biyu za su gifta juna da ƙyar. Ƙasar da ka fitar sai ka tara ta a gabanka, wajen abokan gaba, ta zame maka garkuwa. Harsashi ba ya huda ƙasa. Ka shiga ka zauna. Shi ma na can ya haƙa nasa ya zauna."

"To, yaushe ake yaƙin?"

"Ai yaƙin ke nan, Baba."

"Kwana nawa ake yi a ciki?"

"Ni shekara biyu na yi."

Tsohon ya ce, "Ikon Allah. A zamaninmu wanda ya shiga rami ranar yaƙi, matarsa ba ta ƙara miƙa masa ruwa. Ashe a ƙasar Nasara lamba ake ba shi."

Aka yi dariya, ni na fi kowa. Ba zan ɓoye ba, haushi nake ji. Na shekara ashirin ina nutsawa cikin ƙasa da igiya a ƙugu ina fito wa mutane da ruwa, ban taɓa samun ko jar hula ba. Shi ya haƙa tsayin mutum guda, bai tarar da ko laima ba, ga shi ana ba shi buzu ya zauna.

Garinmu yana da nasa tsaron tun na kakanni, kafin ƙaya da ganuwa ƴar ƙarama, daga zamanin da mahara kan sauko daga arewa bayan girbi. Amma tun da Nasara suka kwantar da Abzin, hari ya ƙare. Mata suka cire ƙayar suka yi girki, ganuwar ta cika da toka da kashin awaki. Abin da ake ƙwace mana yanzu da takarda ake zuwa karɓarsa, da rana tsaka, babu kuma kafin da ke tsare shi.

Shekara ta biyu da dawowar Kaporal damina ta yi kyau. Muka yi girbi, muka ɗaura dammuna muka jera su a gonaki suna jiran a kai rumbu. Ana cikin haka sai wani Bafulatani ya zo shayar da shanu a rijiya, ya ce ya hango raƙuma da yawa a arewa, tafiyar kwanaki, suna yo kudu. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Kafin azahar, a bakin mutane, raƙuman sun yi takubba. Kafin la'asar sun ƙone gari biyu.

Bulama yana da rumbu huɗu da zuciya ƙarama. Ya sa aka buga ganga, muka taru.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai lokacin ayari ne. Kowace kaka suna saukowa da gishiri da dabino su sayi gero. Madugunsu ma a gidanmu yake sauka tun ubana na da rai."

Kaporal ya miƙe, lambarsa na ƙyalli. "Yaya, kai ka san rijiya, ni na san yaƙi. Wanda ya ce ba komai, shi ake fara binnewa. Na gani da idona."

Bulama ya dube ni, ya dubi lambar. Ni ba ni da abin da ke ƙyalli sai zufa. Ya ce, "Kaporal, me za a yi?"

"A bar komai, ranka ya daɗe. Duk namiji ya fito da garma da dagi."

"Dammunan fa?" in ji wani.

"Gawa ba ta cin tuwo," in ji Kaporal. Wannan magana ta yi wa mutane daɗi ƙwarai, har aka riƙa maimaita ta.

Washegari ya ja layi da sanda a arewacin gari. Da na ga inda ya ja, na ce masa, "Ƙane, nan rairayi ne zalla. In ka haƙa kamu ɗaya, kamu biyu ne za su rufto. Ƙasa mai riƙo tana kudu, wajen fadama."

"Abokan gaba ta kudu za su zo?"

"A'a."

"To, haƙa."

Layin ma ba a miƙe yake ba. Taku goma ya karya dama, taku goma ya karya hagu, kamar sawun maciji. Na tambaye shi dalili, ya ce don in ƙwallon igwa ya faɗo ciki ya fashe, kada ɓaraguzan su bi ramin su kwashe kowa. Na ce, "Wane ne cikin masu raƙuman yake da igwa?" Ya ce soja ba ya tambaya. Wannan karye-karyen ya ninka mana aikin, amma kowa ya ci gaba da haƙa, don maganar ta yi kama da ilimi.

Kwana tara muka yi. Kaporal yana da wata ƴar busa ta ƙarfe, da ita yake tashinmu, da ita yake zaunar da mu. Fel ɗin nan kuwa ban ga ya taɓa ƙasa ba ko sau ɗaya, nuni yake yi da shi. Ya ce a can ma mai umarni ba ya haƙa. Na yarda da wannan, don a nan ma haka ne.

Rana ta uku abin da na faɗa ya faru. Gefen ramin ya rufto a kan wanzamin garinmu, ya binne shi har ƙirji. Muka tono shi yana salati yana rantsuwa cewa ƙafafunsa sun tafi lahira sun bar shi. Sai ga Kaporal ya zo wurina, ya rage murya don kada a ji.

"Yaya, yadda kake ɗaure bakin rijiya da itace don kada ya zube, za a iya yi a nan?"

"Ni rijiya na sani," na ce, "kai ka san yaƙi."

"Haba, Yaya."

Na ja masa rai har azahar, sa'an nan na yarda. Itacen da muka tanada don gyaran rumbuna muka kwaso, da karan gero, na ɗaure gefen ramin na saƙa shi tamkar zana. Gaskiya aikin ya yi kyau. Ni da na fi kowa zagin ramin, sai ga ni ina hana yara taka bakinsa, ina kiran mutane su zo su ga ɗaurina.

Matata ce kaɗai ba ta ruɗu ba. Ita da sauran mata suna ɗauko dammuna ɗaya-ɗaya a ka, bayan sun yi daka sun ɗebo mana ruwa, amma me hakan zai rage? Ranar da ta kawo mini fura a bakin rami, ta ce, "Maigida, mahara sun riga sun iso."

Na zabura. "Ina?"

"Suna gonarka. Ta ƙarƙashi suka biyo, ba su tsaya neman izinin Kaporal ba."

Gara take nufi. Ta shiga dammunan da ke kwance a ƙasa, tsuntsaye kuma suna ci ta sama.

Akwai abu ɗaya da na gani wanda ban yi wa dariya ba. Wata rana da tsakar rana, kowa ya tafi inuwa, na koma neman dagina. Na tarar da ƙanena a wata kusurwar ramin, zaune, ya jingina da bango, ya rungume gwiwoyinsa, yana barci kamar jariri. Ko tarin ba ya yi. Da na gaya wa uwarmu, ta ce tun da ya dawo bai taɓa yin barcin kirki a ɗaki ba, da ya kwanta sai ya tashi ya fita tsakar gida. Na ɗauki dagina a hankali ranar, ban tashe shi ba.

Rana ta goma da hantsi aka hango raƙuma. Kaporal ya busa, maza suka duro rami, mu kusan talatin, da baka da masu. Maharbin garinmu ya fito da harba-ka-rugarsa wadda ya ɓoye a rumbu tun da Nasara suka karɓe bindigogi. Bulama ya ce shi zai tsaya cikin gari ya kula da mata.

"Kowa ya sunkuyar da kai," in ji Kaporal. "Ba sa ganinmu."

Wataƙila a ƙasar Nasara abokan gaba a ƙasa suke tafiya. Mutumin da ke bisa raƙumi kuwa yana ganin cikin rami kamar yadda uwargida ke ganin cikin tukunya. Raƙuman suka ƙaraso a hankali, ɗauke da kantun gishiri da buhunan dabino, ɗaya ɗaure da ɗaya. Ina leƙe ta saman tudun ƙasar, na gane na gaba tun daga nesa, da rawaninsa da yadda yake karkata kafaɗa. Na buɗe baki zan yi magana ke nan, sai maharbi ya firgita, bindiga ta tashi.

Ba ta sami kowa ba. Tudun da ke gabanmu ta daka, rairayi ya zubo mana a ka, hayaƙi ya cika ramin. Da na share idona, sai na ga Kaporal a ƙasa, ya dunƙule, ya rufe kansa da hannu biyu, jikinsa na ɓari, yana kiran wasu kalmomi na Nasara. Jar darar ta faɗi gefe. Mu biyu ne kaɗai a wannan kusurwa, karye-karyen da ya sa muka yi sun tsare shi daga idon sauran. Amfanin da na ga sun yi ke nan. Na cire rigata na lulluɓe shi, na dafa bayansa na ce, "Ni ne, ƙane. Gida kake."

Inuwa ta rufe mu. Na ɗaga kai, sai ga wuyan raƙumi, ga madugu yana leƙo mu daga sama. Tsoho ne Ba'abzine mai sanyin magana. Ya dubi ramin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya dubi mazan da ke tsugune da masu, rairayi a gemunsu.

"Salamu alaikum, mai masaukina," ya ce da Hausarsa mai nauyi. "Sannunku da aiki."

"Alaikumus salam. Sannu da hanya."

"Na san ubanka yana haƙa rijiya a tsaye. Kai ka koma haƙa ta a kwance? An sami ruwan?"

Ya nuna rigar da ke motsi kusa da ni. "Wannan fa?"

"Zazzaɓi ne," na ce.

"Allah ya sawwaƙe. To, ta ina za mu wuce? Raƙuma ba sa tsallake."

Haka mayaƙan garinmu suka ajiye masu, suka cike wani yanki na ramin da hannunsu don abokan gaba su samu hanyar shiga. Bulama ya fito da tabarma da ruwan sanyi yana cewa tun farko shi ya san ayari ne. Da aka zo ciniki, geron da za mu bayar ya yi kaɗan, wani damin in ka ɗaga sai ya zube ya bar ka da igiya. Ayarin ya kwana biyu ya wuce Falanko, ya sayi gero a can, ya bar musu labarinmu kyauta. Har Damagaram labarin ya kai. Shekaru bayan haka in na je kasuwa na faɗi garinmu, sai a ce, "Af, masu rijiya a kwance."

Kaporal ya yi kwana biyu bai fito ba. Rana ta uku ya koma gindin aduwa, ya bayyana wa jama'a cewa ganin taranshe ne ya sa suka fasa hari suka koma ciniki. Wasu suka yarda. Ni kuwa bai yarda ya dube ni ba.

Da a nan abin ya tsaya da mun gode Allah. Amma labarin da ya kai kasuwa ba ya rasa kai wa bariki. Bayan kamar kwana ashirin sai ga kumandan, Nasaran da ke mulkin yankinmu, ya zo rangadi a kan doki, da tafinta da gardi biyu, wato dogaran bariki. Bai tsaya gaisuwa ba, bakin ramin ya nufa. Ya sauka, ya shiga ciki da kansa, ya bi karye-karyen nan ɗaya bayan ɗaya, yana shafa ɗaurin itacen. Kaporal ya sa takalmansa duk da matsin, ya ƙame, ya sara masa. Suka yi ta magana da Faransanci. Na ji Nasaran ya faɗi sunan wani wuri, ƙanena ya maimaita. Idon Nasaran ya yi ja. Ya miƙa masa hannu suka gaisa kamar ƴan ɗaki ɗaya.

Bulama na ganin haka ya matso kusa da tafinta. "Gaya masa ni na ba da umarni."

Tafinta ya gaya masa. Kumandan ya fito daga ramin, ya karkaɗe wandonsa, fuskarsa ta koma irin ta bariki. Ya yi magana, tafinta ya juya.

"Kumandan ya ce aiki ya yi kyau. Ya ce kuma ƙasa tana zaune lafiya a hannun Faransa, babu mahara. To, garin da ya haƙa ramin yaƙi alhali babu mahara, da wa yake shirin yaƙi?"

Bulama ya ce, "Gaya masa Kaporal ne. Ni ban ma san zurfinsa ba."

"Kumandan ya ce a cike shi cikin kwana uku. Ya ce kuma, wa ya yi wannan ɗaurin itace?"

Wallahi da ƙafata na fito. Ba wanda ya tura ni. Shekara ashirin ina jiran wani babba ya tambayi aikin hannuna. Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe," har ina gyara hula.

"Kumandan ya ce ya daɗe yana neman irinka. Akwai rijiya da hanya da za a yi. Tun da mutanen garin nan suna da ƙarfin haƙa har su bar hatsinsu a gona, kai da mutum goma sha biyu za ku bi shi."

Kaporal kuwa tsohon soja ne, aikin tilas ba ya hawa kansa.

Muka cike ramin cikin kwana uku, ban da itacena da na zare da hannuna ina ƙunƙuni. Wata huɗu na yi a wajen aikin. Na haƙa musu rijiya gaba ashirin da shida, ruwanta garai, ladana kuwa dafaffen gero sau ɗaya a yini da tsawar gardi. Da na dawo na tarar matata ta sayar da awakinta uku ta riƙe gida, ƙanena kuma ya yi ƙiba, don a ƙwaryata yake ci.

Ba a daɗe ba kumandan ya aiko aka tafi da ƙanena, aka ba shi kakin gardi. Da kaka ta zagayo, sai ga shi ya dawo a kan doki, da bulala a hannu da takarda a aljihu, ɗiban ƴan aikin tilas. Babu wanda ya fi shi dacewa, don ya san ƙarfin kowane namiji a garin, ya tsaya a kansu kwana tara yana kallo. Waɗanda suka fi yi masa biyayya a bakin rami su ya fara kira.

Da ya gama kiran sunaye a dandali ya shigo gida, ya durƙusa ya gaida uwarmu, sa'an nan ya ja ni bayan rumbu.

"Yaya, kumandan ya tambaye ka da kansa. Akwai wata rijiyar."

Na ce, "To."

"Na ce masa ƙasa ta rufto maka, bayanka ya karye, ko guga ba ka iya ja." Ya dubi ƙasa, ya murza bulalar a hannu. "Duk ranar da ka ji an ce Nasara na zuwa, ka nemi sanda ka duƙa. Kada ka kunyata ni."

Na nemi sanda. Shekara da shekaru, da an hango dokin rangadi sai in ranƙwafa in riƙa jan ƙafa ina nishi, matata na biye da ni tana yi mini sannu da ƙarfi don a ji. In sun wuce in jingine sandar in ɗauki dagi in tafi aikina. Sau ɗaya na manta wace ƙafa nake ja, tafinta ya lura, sai da na ba shi zakara.